Kabejina ya ƙi ƙulla kai, ga ganyen duk huji. In tumɓuke ko in jira?

UwarBiyu_Sawaba
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu lambu a cikinku ku taimake ni don Allah. Na dasa kabeji guda 12 a buhunan shinkafa a bayan ɗakinmu nan unguwar Sawaba a Kumasi, wata biyu ke nan da ɗoriya. Ganye kam ma sha Allah, manya-manya, amma har yau babu wanda ya naɗe. Sai ƙara buɗewa suke yi. Uku daga cikinsu ma maimakon kai ɗaya sai suka fito da 'yan ƙananan kawuna uku-uku huɗu-huɗu. Ga huji ko'ina a ganyen, wani wurin ma ba huji ba ne sosai, sai ka ga fatar ganyen ce ta rage shara-shara. Ruwa ina ba su safe da yamma. Alayyafo da ayoyo da ke gefensu lafiyarsu ƙalau. Shin kabeji ba ya yi a Kumasi ne, ko irin ne ba shi da kyau? In tumɓuke su in huta, ko in ƙara haƙuri?

Dan_Alabar
Wa alaikumus salam Mma. Tsutsa ce. Ki shiga kasuwar Kejetia wurin masu sayar da maganin gona, ki ce na kabeji kike so, ki fesa, magana ta ƙare.

Hajiya_KayanMiya
Wai kabeji ba ya yi a Kumasi? To wanda muke sarowa kullum daga sama yake faɗowa? Na Tepa ne da ƙauyukan da ke kewaye da mu, wani ma a cikin garin nan ake noma shi, wajen Gyinyase da bayan jami'ar Tek. Ƙasar na yin sa sosai. Sai dai shi ba alayyafo ba ne da za ki watsa ki tafi biki ki dawo ki tarar da shi.

MalamLambu_Gyinyase
Hajiya ta faɗi gaskiya. Uwar Biyu, kafin kowa ya tura ki sayen magani, ba ni amsar waɗannan. Wane iri kika shuka, akwai suna a jikin takardarsa? Guda nawa kika sa a kowane buhu? Daga yaushe zuwa yaushe rana ke dukan wurin? Kina tsinkar ganyen? Sannan ki je yanzu ki juya ganye ɗaya ki duba bayansa, in kin ga tsutsa ki taɓa ta da tsinke ki gaya mini abin da ta yi.

UwarBiyu_Sawaba
Malam na gode. Irin a ƙulle na saye shi cikin 'yar takarda, babu suna. Buhu bakwai ne, biyar na ɗauke da bibbiyu, biyu ɗai-ɗai. Rana tana shigowa da hantsi, kafin azahar ta yi nisa inuwar katanga da ta mangwaron maƙwabta ta rufe wurin. Ganyen ƙasa kuwa ina tsinka in sa a miya, ai ba zan zuba ido ganye mai kyau ya bushe a banza ba. Na duba bayan ganyen, akwai 'yan tsutsotsi koraye ƙanana. Da na taɓa ɗaya sai ta yi ta mutsu-mutsu da baya, ta saki jiki ta rataya da wani siririn zare.

MalamLambu_Gyinyase
To ai kin kawo amsar da kanki. Matsalarki ba ɗaya ba ce, kuma maganin feshi ɗaya kawai daga ciki zai taɓa.

Rashin naɗewa daban, huji daban. Kabeji sai ya tara manyan ganyen waje sun ƙoshi da rana, su ne ke ciyar da kan da zai ƙulla a tsakiya. Ke kuma kina kwashe su zuwa tukunya. Ga rana ba ta isa ba, shi yana son aƙalla awa 6 tana dukansa. Ga biyu a buhu ɗaya suna rububin abinci. Mu a fangali tazarar santimita 45 zuwa 60 muke bari tsakanin wannan da wancan, don in ya baje ganye faɗinsa ya kai haka. Buhu ɗaya, kabeji ɗaya, kuma ƙasar ta kai zurfin kamu ɗaya da rabi.

Sai maganar iri. Kabeji asalinsa ɗan ƙasar sanyi ne. Wanda ke jure zafinmu shi ne wanda aka haɗa don ƙasashen zafi. Yawancinmu nan Oxylus muke shukawa, wasu KK Cross. Irin da babu suna a jikinsa, Allah kaɗai ya san daga inda ya fito. In na ƙasar sanyi ne, sai ki yi ta ban ruwa har Sallah yana ba ki ganye.

Ukun nan masu ƙananan kawuna kuwa, tun suna yara aka cinye musu zuciya. Wata tsutsa ce daban da ke shiga cikin tohon tsakiya tun a wurin reno, ta yi saƙa ta ɓuya. In ta cinye tohon sai tsiron ya fitar da 'ya'ya ta gefe. Waɗannan ba za su taɓa ba ki babban kai ba.

Yar_Tek
Malam ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi da abin da ake koya mana a aji. Mai rataya da zaren nan sunanta na kimiyya Plutella xylostella, ita ce babbar abokiyar gabar kabeji a duniya baki ɗaya. Uwarta wata 'yar ƙwaro ce mai fiffike, launin toka, tana fitowa da magariba ta saka ƙwai a bayan ganye. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa wajen sati biyu ne kacal, shi ya sa yau ka kashe, jibi ka ga wasu. Shara-sharan da Mma ta gani aikin ƙananansu ne, suna kankare ganyen ta ƙasa su bar fatar sama. Mai cin zuciyar kuwa Hellula undalis ce.

Yaya Dan_Alabar, abin da ya sa ba na goyon bayan "fesa kawai" shi ne wannan tsutsar ta yi suna wajen sabawa da magani. In aka dinga fesa mata iri ɗaya, masu taurin rai ne ke rayuwa su haifi irinsu, sai a wayi gari maganin ya zama ruwa a wurinsu. Kuma feshin na kashe wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke saka ƙwansa a jikinta ya kashe ta. In kun ga wani ɗan farin kwanso kamar ƙwayar shinkafa manne a bayan ganye, kada ku murƙushe, shi ne, aiki yake muku kyauta.

Dan_Alabar
Ƙanwata duk wannan karatun na ji. Amma ki je gonar da ake noma na sayarwa ki ga ko zanzaro suke jira. Kowa fesawa yake.

MalamLambu_Gyinyase
Muna fesawa, ba na musu. Amma mai fangali ɗari da mai buhu bakwai ba hanyarsu ɗaya ba. Ita a cikin minti goma za ta iya bin ganye ɗai-ɗai da hannu ta tsince tsutsar ta murje ƙwan. Ni ba zan iya ba. Kuma bayan ɗaki ne, inda yara ke wasa, ga tagwaye.

Hajiya_KayanMiya
Bari in faɗa muku wata gaskiya mai ɗaci, laifin har da ku masu saye. Ka kawo kabeji mai huji biyu a ganyen waje, mace ta ɗaga ta juya ta ajiye ta wuce teburin gaba. Wanda ke sheƙi sumul shi ake so. To manomi ya yi yaya? Ni na gidana nakan zaɓi mai ɗan huji, in ɓare na waje in ci na ciki hankalina kwance.

MaiWaakye_Aboabo
Hajiya wallahi abin na damuna. Mu ɗanye muke yankawa a kan waakye, wato shinkafa da wake, ba wuta ba komai. Ni dai ganye uku na sama nake zubarwa, in yanka, in wanke da ruwan gishiri da ɗan binega, in ɗauraye da ruwa mai kyau. Shi ya sa nake bin maganar nan, ni ma ina so in gwada shukawa ko da na 'ya'yana ne.

Yar_Tek
Anti wankin na rage datti da ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da duk maganin da ya riga ya shiga jikin ganye. Wannan sai manomi ya kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshin ƙarshe da yanka. Duk mai sayen magani ya duba ko yana da rajistar hukumar kare muhalli ta EPA, kuma an ambaci kayan lambu a jikinsa. Maganin koko ko na auduga ba na kabeji ba ne. Ga mai lambun gida akwai wanda ake kira Bt, ƙwayar halitta ce da ke kashe tsutsa in ta ci ganyen, ba ta taɓa mutum ko kaza. Da yamma ake fesa shi don rana na kashe ƙarfinsa, kuma ya fi kama su suna ƙanana.

Baba_Asawase
Ku yara kun manta da darbejiya ne? Ganyenta za ki tafasa ki bari ya huce ki yayyafa. Da shi muka taso.

MalamLambu_Gyinyase
Baba a gafarce ni, 'ya'yan sun fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma tafasawa na rage amfaninsa. Busassun 'ya'yan darbejiya ake dakawa, giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa su kwana, da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun alata kaɗan a ciki don ya kama ganye. Ganyen kabeji santsi gare shi, ruwa zalla gangarewa yake. A fesa da yamma, a bi bayan ganye da cikin zuciyar, duk sati. Kada a ajiye ragowar, a haɗa sabo kowane lokaci. Ba ya kashe su nan take, hana su ci yake yi ya hana su girma, don haka kada ki fesa yau gobe ki ce bai yi ba.

Baba_Asawase
To ɗana, na ji. Amma ganyen ma ya yi mana aiki a zamaninmu, ban yarda a ce banza ne ba.

Dan_Nima
Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Ghana. Ku na Kumasi a ina ma za ku samu 'ya'yan darbejiya da yawa? Ku zo nan, daga Ashaiman zuwa hanyar Dodowa daji guda ne, ba mai kulawa. Mu matsalarmu a Nima ba tsutsa ba ce, wurin ajiye buhun ne. Wani abokina a kan rufin bene ya jera nasa cikin galan ɗin Kufuor, wato jarkar ɗiban ruwa, da ya yanke wa kai ya huda gindi. Lita 20 ko fiye, ya ishi guda ɗaya. Sai dai iskar teku da zafin siminti, sau biyu a rana yake hawa da bokiti.

Amarya_Tafo
Ni gidan sauro na rufa wa nawa tun daga reno, na kafa sanduna huɗu na danne gefen da duwatsu. Huji ko ɗaya babu. Ƙwaron da bai samu shiga ba ina zai saka ƙwai?

Ustaz_AkwatiaLine
Amarya, Allah ya sa ba wanda aka raba don mata masu ciki da yara ba ne aka mayar na kabeji. Zazzaɓin cizon sauro bai bar unguwanninmu ba.

Amarya_Tafo
Haba Ustaz. Tsoho ne da ya yage, na ɗinke shi. Kowa a gidana a cikin sabo yake kwana.

Yar_Tek
Dabarar rufewa tana aiki ƙwarai, musamman ga mai cin zuciya, don watan farko shi ne mai haɗari. Abu biyu kawai: gidajen sauron da ake rabawa da magani a jikinsu, gara a nemi wanda ba shi da shi ko a sayi ragar taga. Kuma in akwai tsutsa a ciki kafin a rufe, an gina mata gida ne. Na Mma Uwar Biyu yanzu rufewa ba za ta yi amfani ba sai an tsince tas.

BaRuwana
Ni fa ban gane wahalar nan ba. Iri, buhu, ƙasa, taki, ruwan da ake saye da bokiti, wata uku da rabi kana gadi, a ƙarshe ka samu abin da sidi kaɗan zai saya maka a bakin titi. Ku shuka ayoyo da albasa mai lawashi ku huta. Ayoyo ka yanka ya sake tohowa, kabeji yanka ɗaya an gama.

Amarya_Tafo
Ba a gama ba. In ka yanke kan ka bar kututturen da ganyen ƙasa, yana fitar da 'yan ƙanana, suna da daɗi a miya.

MalamLambu_Gyinyase
Yana fitarwa, amma ni ba na bari. Tsohon kututture matattarar tsutsa ce da ruɓa, daga nan suke tsallakawa kan sabon dashe. Ina yanka nake tumɓukewa.

Baba_Asawase
BaRuwana, kai yaro ne shi ya sa kake lissafi da sidi. A 1972 lokacin mulkin Acheampong da aka ce kowa ya ciyar da kansa, babu bayan gidan da ba a shuka wani abu ba, har makarantu da barikoki. Mu muna ganin wasa ne. Sai da 1983 ta zo, fari ga gobarar daji, ga 'yan uwanmu da aka koro daga Najeriya sun cika gari, kuɗi a hannu babu abin saye. Ranar ne mai rogo uku a bayan ɗaki ya zama mutum. Ban ce kabeji zai cece ka daga yunwa ba. Amma hannun da ya saba da ƙasa ba a raina shi. Kuma yaran gidan su ga yadda abinci ke fitowa, ba su ɗauka a leda ake haifarsa ba.

BaRuwana
Baba Allah ya ƙara girma, ban ƙi ba. Amma a lokacinku akwai bayan gida. Yanzu mai gida ya mayar da ko'ina ɗakin haya, inda ya rage kuma awakin maƙwabta ne da shi.

MaiWaakye_Aboabo
Kai, maganar awaki! Tumatir ɗina a yini guda akuyar wata baiwar Allah ta share shi, da na yi magana aka ce ai dabba ce. In na shuka kabeji sai dai in ɗora a kan tebur.

Dan_Alabar
Kaji ma ba su da dama. Su tsattsage ganye su tone ƙasar buhun.

Sawaba_Fita
Ni kuma tambayata kan ruwa ce: ruwan wanke-wanke ko na kwata yana yi? Na ga masu lambu a bakin rafi da shi suke ban ruwa kuma kabejinsu ƙato-ƙato.

Yar_Tek
Yana girma da shi don akwai taki a cikin dattin, amma har da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa. Duk wanda ya san abin da ke gangarawa rafin Aboabo da Subin ba zai so shi a kan abin da za a ci ɗanye ba. Ruwan da aka wanke shinkafa ko kayan miya lafiya lau. Mai sabulun wanki da bilic kada ya je kusa. Kuma ko wane ruwa ne, a gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba.

Mai_Gudanarwa
Jama'a mun yi nisa. Baiwar Allah tambaya ta yi: ta tumɓuke ko ta jira? A koma kai.

Kawu_MoshieZongo
Kafin a koma, ba wanda ya tambaye ta taki. Uwar Biyu me kika sa a ƙasar?

UwarBiyu_Sawaba
Kawu, baƙar ƙasa ce na sa yara suka ɗebo, na haɗa da kashin kaji da garin katako da aka kawo mini daga gidan kaji. Tun ranar dashe ban ƙara komai ba. Kuma ni har yanzu ban ga laifin tsinkar ganye biyu-uku ba, kontomire, wato ganyen gwaza, ai haka ake masa yana ƙara yi.

Kawu_MoshieZongo
Kontomire ganyen ake nema, kabeji kai ake nema, ba ɗaya ba ne ƙanwata. Shi kuma maci ne na gaske. A buhu, duk ruwan da kika zuba yana wanke abincin yana fita ta ƙasa, wata biyu ba ƙari ai ya rame. Ni bayan sati biyu da dashe nakan sa takin zamani NPK 15-15-15 cikin murfin kwalba ɗaya, nesa da kara kaɗan, in rufe da ƙasa. Bayan wani sati biyu zuwa uku in ƙara na ammoniya ko yuriya kaɗan. Da ya fara naɗewa sai in tsaya. Kashin kaji kuwa sai ya ruɓe tukuna, ɗanye yana ƙona saiwa, kuma garin katakon da bai ruɓe ba shi ma cin abincin tsiro yake kafin ya saki. A tara shi a jiƙa a dinga juyawa har zafinsa ya mutu ya daina wari.

Amarya_Tafo
Ni ban taɓa sa takin zamani ba, kashin kaji ruɓaɓɓe da ɗan toka ne kawai, kuma ya ƙulla. Ba ƙato ba, amma da nauyi.

Kawu_MoshieZongo
Toka kaɗan tana da kyau, ƙasarmu ta nan akwai tsami. Amma kada a haɗa ta lokaci ɗaya da kashin kaji ko ammoniya, ƙarfin takin tashi yake ya bi iska.

Inna_Yalwa
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Nawa ya ƙulla amma ganyen na yin rawaya daga baki yana shiga ciki, sai ya bushe, jijiyoyin sun yi baƙi. Biyu kuma sun ruɓe suna wari. Tsutsar ce ita ma?

MalamLambu_Gyinyase
Inna wannan ba tsutsa ba ce, cuta ce. In rawayar ta yi siffar harafin V, faɗin a bakin ganye tsinin na kallon ciki, baƙar ruɓa ce. Tana zuwa a jikin iri, ruwan sama da fantsalin ban ruwa na yaɗa ta. Babu feshin da ke warkar da wanda ya kamu. Ki cire masu warin da ƙasarsu ki kai nesa, kada ki zuba su cikin takin da kike tarawa. Kada ki taɓa masu lafiya ganye na jiƙe. Kuma wannan ƙasar kada ta sake ganin kabeji sai bayan shekara 3, ki sa albasa ko masara ko alayyafo. Sauran da suka yi tauri ki yanke su yanzu. In kin matsa kan da hannu kin ji ba ya lotsawa, ya nuna. In kika bar shi ruwan sama mai yawa ya same shi, tsagewa zai yi.

Inna_Yalwa
Allah ya saka da alheri. In na bar ɗaya ya tsufa zan samu iri na ajiye?

Yar_Tek
A'a Inna. Kabeji sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni kafin ya yi fure, irin sanyin da ba mu da shi. Shi ya sa irin duk daga waje ake shigo da shi. Ko da ya yi ma, irin haɗi ne, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar.

MaiWaakye_Aboabo
To ni da zan fara, wane wata ya fi?

MalamLambu_Gyinyase
Ki yi lissafi da baya. Reno sati 4 zuwa 5, sai ya yi ganye huɗu zuwa shida a dasa da yamma. Daga dashe zuwa yanka wata biyu zuwa biyu da rabi, gwargwadon iri, KK Cross ya fi sauri. In kina son ki yanka a Disamba, ƙarshen Agusta ko farkon Satumba za ki zuba iri, ƙaramar damina ta raine shi, ya ƙulla da shigowar hunturu. Ni wannan na fi so. Ledar piya wata da aka huda ta isa reno, ƙwaya ɗaya ko biyu a kowace, kada a cika ruwa don karan na ruɓewa daga gindi su faɗi.

Kawu_MoshieZongo
Ni kuma na fi son babbar damina, Afrilu zuwa Yuli. Ruwan sama na kakkaɓe tsutsar, ga ban ruwa kyauta. Da rani ne take cin karenta babu babbaka.

MalamLambu_Gyinyase
Ka tsere wa tsutsa ka faɗa hannun ruɓa. Tambayi Inna_Yalwa.

Kawu_MoshieZongo
A fangalin da ruwa ke kwanciya ba. Buhun da aka huda da kyau aka ɗora kan bulo ba ya riƙe ruwa.

Hajiya_KayanMiya
Ku yi ta musu. Ni dai na san da Kirsimeti da Sallah ake rububinsa, kuma mai tauri da ke jure kwana a tebur shi muke so, shi ya sa muke tambayar Oxylus. Mai laushi kwana biyu ya yi yaushi.

UwarBiyu_Sawaba
Na karanta duka, Allah ya biya kowa. Amma har yanzu kan nawa goma sha biyun ban ji an tsaya a magana ɗaya ba. Yau da safe na duba, biyun nan da ke ɗai-ɗai a buhu ganyen tsakiyarsu ya fara lanƙwasowa ciki.

MalamLambu_Gyinyase
To waɗannan biyun akwai rai. Ki ja su zuwa inda rana ta fi daɗewa, ko bakin ƙofa ne. Masu ƙananan kawuna uku a tukunya za su ƙare, yau ma. Na bibbiyu ki yanke raunanan daga gindi da wuƙa, kada ki tumɓuke don kada ki girgiza saiwar ɗan uwansa. Ki ƙara taki, ki tsince tsutsa kowace safiya, hannunki ya bar ganyen waje. Sati uku, in ba su motsa ba irin ne, ki share ki sayi mai suna. Kina iya leƙa ofishin malaman gona na Asokore Mampong, Sawaba a ƙarƙashinsu take.

Yar_Tek
Ni da zan ba da shawara, biyun kawai za a bari. Sauran sun wuce lokacinsu kuma kiwon tsutsa kawai ake yi da su, gara a fara sabon reno a ƙarƙashin raga a wani gefen.

Baba_Asawase
Kada ki cire ko ɗaya ɗiyata, sai masu cutar. Abin da ya yi wata biyu yana shan ruwanki ba a yanke masa hukunci a waya.

Dan_Alabar
Har yanzu dai da ta fesa tun farko da ba a kai nan ba.

Amarya_Tafo
Feshin ne zai sare mangwaron maƙwabta?

MaiWaakye_Aboabo
Malam, fakitin Oxylus ɗin ƙwaya ce da yawa a ciki, ni kuma guda goma nake so. Akwai masu son mu haɗa kuɗi mu saya mu raba? Uwar Biyu, Inna, Sawaba_Fita, ku yi magana kafin Juma'a, ranar nake shiga kasuwa.

Sawaba_Fita
Sa ni a ciki Anti. Amma fa sai an samo mini maganin awaki tukuna.